Yadda Ake Tsara Ƙara wa Motar Tsere Ƙarfi da Kuɗi Kaɗan: Darasi Daga Toyota 86

A shekarar 2012 kamfanonin Toyota da Subaru suka fito da wata ƙaramar motar tsere da suka ƙera tare. Toyota ta kira ta 86, Subaru ta kira ta BRZ, a Amurka kuma an fara sayar da ita da sunan Scion FR-S. Injinta mai suna FA20 lita 2.0 ne, ba shi da turbo, yana ba da ƙarfin doki kusan 200. Ƙorafin masu ita kusan iri ɗaya ne: motar tana da daɗin sarrafawa a kwana, amma ƙarfinta bai kai kyanta ba. Shi ya sa ta dace da wannan darasi, domin duk kuskuren da mai ƙaramin aljihu zai iya yi wajen ƙara wa inji ƙarfi, an riga an yi shi a kanta.

Matakin farko ba sayen kaya ba ne, duba lafiyar inji ne, kuma da wayar hannu ake farawa. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da wata kafa a ƙasan sitiyari mai suna OBD-II. Ana soka mata ƙaramar na'ura irin ELM327, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Nan take za a ga lambobin matsala da kwamfutar motar ta adana, da zafin ruwa, da yawan gyaran da take yi wa man da take fesawa. Idan wannan gyara ya haura kashi 10 cikin 100 a kai a kai, akwai inda iska ke zurarewa ko wata na'urar auna iska ta gaji. A gyara wannan tukuna. Daga nan makanike ya auna matsin kowace silinda, a sauya filogi da baƙin mai da matatar iska. Mai ƙirar 2013 kuma ya binciki lambar shasinsa, saboda a 2018 an yi kiranyen waɗannan motoci kan matsalar sifirin ɗin bawul.

Sai tambaya ta biyu: me ake so a gyara takamaimai? Matsalar FA20 sananniya ce. Wajajen juyi 4,000 a minti, ƙarfin murɗawar injin yana faɗuwa, direba ya ji kamar an riƙe motar ta baya, sai ta wuce wurin ta sake farfaɗowa. Abin da masu motar suka fi samun nasara da shi shi ne sauya bututun farko na salansa, wanda ke ɗaure a jikin inji, tare da sake rubuta lissafin kwamfutar motar da kayan aiki irin EcuTek ko OpenFlash Tablet. Biyun tare suke tafiya. Bututun yana sauƙaƙa fitar hayaƙi, sabon lissafin kuma yana daidaita lokacin tartsatsin filogi da buɗewar bawul da sabon yanayin. Ƙarin dokin ba shi da yawa, amma ramin nan na tsakiya yana cikewa, kuma a nan ne ake yawan tuƙi. Gara a zaɓi bututun da ke da matatar hayaƙi a ciki, don wanda ba shi da ita yana wari, kuma ya saɓa wa doka a ƙasashe da dama.

Katon salansa na baya da matatar iska mai ƙyalli, waɗanda suka fi yawo a TikTok, ƙara suke kawowa. Ƙarfin da suke ƙarawa bai kai kuɗinsu ba.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen man fetur. Matsin FA20 ya kai 12.5 zuwa 1, don haka tun daga kamfani mai babban okten yake buƙata. Lissafin da aka sauke daga intanet, wanda aka rubuta don man Amurka mai lamba 93, yana iya sa mai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa a cikin silinda idan aka zuba masa mai ƙaramin okten. Kwamfutar tana janye tartsatsi don kare injin, amma kariyar tana da iyaka, bayanta sai fistin ya lalace. Wanda ya sayi tokumbon FR-S a Najeriya, inda yawancin gidajen mai nau'in fetur ɗaya suke sayarwa kuma zafin Afrilu a Kano kan haura digiri 40, dole a rubuta masa lissafin da ya dace da man da yake sha, ko da dokin zai ragu. Ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai ma ya fi masa amfani a kan duk wani ado.

Turbo fa? Yana iya kai motar kusa da doki 300, sai dai farashin da ake gani a talla somin taɓi ne. Kuloci zai buƙaci sauyi, sanyaya inji zai ci kuɗi, sandunan fistin na asali kuma suna lanƙwasa idan aka matsa musu da yawa. Mai son wannan ƙarfin ya kwatanta jimillar kuɗin da farashin GR86, wadda ta fito a 2021 da injin lita 2.4 daga kamfani.

A rabon kuɗi, kada a manta motar ta fito ne da tayoyin Michelin Primacy HP, irin waɗanda ake sa wa wasu Prius. Taya mai riƙe kwalta da takalmin birki mai jure zafi su shiga lissafi kafin bututu da kwamfuta. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kuma a bar shi a asusu har sai an yi 'yan makonni ana tuƙi, ana kwatanta alƙaluman manhajar da waɗanda aka ɗauka tun ranar farko.