Ƙuri'a 342

"Ai an riga an rubuta sakamako." Wannan ita ce amsar da nake samu duk lokacin da na tambayi mutum dalilin da bai je rumfar zaɓe ba, wani ma da katinsa a aljihu. Ni lauya ne, shari'o'in zaɓe na cikin aikina, don haka ba zan ce maka ba a maguɗi ba. Ana yi. Amma abin da ke zuwa gaban alƙali ya sha bamban da zancen majalisar mai shayi.

A 2019, Aminu Waziri Tambuwal ya koma kujerar gwamnan Sakkwato da ratar ƙuri'a 342 kacal. Ko masu rajista a akwati ɗaya mai cunkoso sun fi haka yawa. Sannan a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Mai sayen ƙuri'a ya fi kowa farin ciki da wannan. In mutum ɗari biyu suka fito a akwati, taliya da sabulu sun ishe shi. In ɗari bakwai ne, buhun ba zai zaga ba.

Akwai masu cewa duk kanwar ja ce, ba sa so su ɗauki alhakin ɗora azzalumi a kan jama'a. Ina girmama wannan tsoron Allah. Sai dai tsarin mulkinmu bai gindaya adadin waɗanda dole su fito ba. Ko mutum ƙalilan suka je, za a rantsar da wani, kuma shi zai riƙe kuɗin asibitin da matarka za ta haihu.

In ka je, juya bayan takardar ƙuri'ar da aka miƙa maka, ka tabbata akwai tambari da sa hannun jami'i. A Kano, kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na zaɓen gwamna na 2023 saboda rashin wannan, sai da Kotun Ƙoli ta dawo da su a Janairun 2024. Kada kuma ka tafi kafin a ƙirga. Takardar sakamako ta EC8A da ake cikewa a gabanku, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ita ce hujjar da muke fara nema a kotu. In an manna sakamakon a bango, ɗauki hotonsa da wayarka.