Kafin ku goge fim ɗin da ya zo muku fiye da sau ɗaya

Duk mai tara fina-finai a kwamfuta ya san wannan matsalar: fim ɗaya, kwafi uku. Wani daga wurin masu turawa, wani aboki ya aiko ta WhatsApp, wani an sauke daga intanet. Da zarar wuri ya cika sai a shiga gogewa cikin gaggawa, a bar wanda ya fi nauyi, ana zaton shi ne mafi kyau.

Ba kullum ba ne. Fim ɗin da aka matse da tsarin H.265 yakan zo da kusan rabin nauyin na H.264, hotonsa kuma bai gaza ba. Suna ma yana ruɗi, don ana rubuta 1080p a kan fim ɗin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima.

Ku buɗe kowanne a manhajar VLC, ku danna Ctrl da J, zai nuna muku girman hoton: 1920x1080 ya fi 1280x720. In sun zo ɗaya, ku kai su wurin da ake gudu ko wurin dare, ku ga wanda fuskoki ba sa farfashewa. Galibi na WhatsApp ne ke faɗuwa, saboda ana matse shi kafin ya iso.

Ku saurari muryar kuma. Fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa daban, na asali daban, ko da sunansu ɗaya. Ku duba tsawonsa, kada ku bar yankakke.

Manhajar Czkawka kyauta ce, tana zaƙulo bidiyoyi masu kama da juna, amma ku da kanku za ku zaɓi na gogewa. Ku fara ware su gefe guda, sai kun kalli wanda kuka bari har ƙarshe sannan ku goge sauran.