Darasin Kiwon Lafiya: In Bayan Gida Ya Canza, Yaushe Za A Ga Likita?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi abin da kunya ke hana mu faɗa ko a gaban iyalinmu, wato fita bayan gida. Mutane da yawa sun kwanta dama saboda sun ɓoye abin da suka gani har lokaci ya ƙure. Don haka muna roƙon afuwa, za mu yi maganar a fili.

Da farko, kowa da yadda jikinsa ya saba. Wani yakan fita sau uku a rana, wani sau uku a mako, kuma duk lafiya ce. Babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, shi ne ke tsotse ruwa daga ragowar abinci. In abin ya wuce da sauri, sai a yi gudawa. In ya daɗe a ciki, sai ya bushe ya yi tauri. Sauyin abinci, tafiya, ƙarancin shan ruwa, juna biyu da wasu magunguna duk sukan kawo canji na 'yan kwanaki. Tramadol da kodin suna taurara ciki, maganin ƙarin jini kuwa yana mai da bayan gida baƙi. Irin wannan yakan wuce da kansa. Abin lura shi ne canjin da ya zo ba dalili, ya kuma ƙi tafiya.

A je asibiti nan take, ko da tsakar dare, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gudawa mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, tare da amai. Alamar kwalara ce, tana iya kisa cikin sa'o'i kaɗan.
2. Jini mai yawa, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, alhali ba a shan maganin ƙarin jini. Wannan yakan nuna jini na zuba a tumbi.
3. Ciki ya kumbura, ana amai, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Mai yiwuwa hanji ya toshe.
4. Yaro mai gudawa wanda idanunsa suka faɗa, ya kasa sha ko kama nono, ko jikinsa ya saki.

Kafin a isa asibiti, a dinga ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari. In ba a sami na ƙunshi ba, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Uwa kuma kada ta daina shayarwa.

Akwai kuma alamun da ba sa tayar da hankali, amma bai kamata a zauna da su ba: gudawa ko taurin ciki da ya kai mako uku, jini ko majina a bayan gida, komai ƙanƙantarsu, jin kamar ba a gama ba bayan an fito, rama ba dalili, kasala da ƙarancin jini, ƙullutu ko ciwon ciki mai dawowa, bayan gida fari-fari tare da idanu rawaya. Wanda ya haura shekara 50, ko wanda wani na jininsa ya taɓa yin sankarar hanji, ya ƙara kula ƙwarai.

A ƙasarmu, da an ga jini sai a ce basir ne, a nufi mai tallar magani a kasuwa ko tasha. Gaskiya ne basir yana kawo jini, haka ma atini. Amma sankarar hanji ma haka take farawa, kuma ba mai iya bambance su sai an duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 suka kamu da wannan sankara, fiye da 900,000 kuma suka rasu. Sau da yawa takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda yakan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe. In an gano shi da wuri, ana cire shi mutum ya warke. Watannin da aka ɓata ana shan jiƙe-jiƙe su ne damar da ake asara.

In muka je wurin likita, mu faɗi ranar da abin ya fara, sau nawa ake fita, launinsa, da duk maganin da muka sha, har da na gargajiya. Zai iya neman awon bayan gida da na jini, ko ya duba da yatsa, ko ya tura mu babban asibiti a leƙa hanji da na'ura. Babu abin kunya a nan. Aikinsa ke nan kullum.

A gida kuwa, mu yawaita ganye irin su zogale, rama da alayyafo, da wake da 'ya'yan itace, mu sha ruwa mai tsabta, mu wanke hannu da sabulu bayan mun fito daga ban ɗaki. Mu kuma kula da tsofaffinmu, domin sau da yawa ba za su faɗa wa 'ya'yansu irin wannan ba sai an tambaye su cikin ladabi. Wanda ya karanta wannan darasi ya bayyana wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ƙara mana lafiya.