Daga Baƙo Zuwa Abokin Ciniki: Nazarin Dabarun Jawo Mai Saye a Bakin 'Yan Kasuwar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabarun da ɗan kasuwa Bahaushe yake bi yau da gobe wajen jawo mai saye da riƙe shi, musamman waɗanda suka rataya a kan harshe da al'ada: laƙabin kira, kalmomin ciniki, gyara, ɗanɗano da bashi. Misalan da aka kawo kalamai ne da duk mai shiga kasuwannin Kano yake ji. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, akasarin waɗannan dabaru manufarsu guda ce, wato a ɗora wa mai saye ɗan nauyi na kunya da alheri wanda zai sa ya dawo. An kuma duba halin da dabarun suka shiga bayan da ciniki ya koma cikin wayar hannu.

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta haura ƙarni biyar tana ci. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan fataucin Hausawa: hanyoyin ayari, goron Gwanja, da gyaɗar da ta cika Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Abin da bai sami kulawa kamar haka ba shi ne ɗan lokacin nan, minti biyar ko goma, da mai kaya da mai saye suke fuskantar juna. A cikinsa ake cin riba ko a rasa ta, kuma kusan duk abin da yake gudana a cikinsa magana ce.

A Kantin Kwari, rumfuna da yawa sukan kasa atamfa iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, a farashin da bai bambanta sosai ba. To, me ya sa mace za ta wuce layi guda cur ta tsaya wurin mutum ɗaya, shekara da shekaru? Farashi shi kaɗai ba zai amsa wannan tambaya ba. Ita kanta Hausa ta bambanta "mai saye" da "abokin ciniki". Na farko baƙo ne mai wucewa. Na biyu kuwa an kira shi aboki, kuma ba a banza ba. Aikin ɗan kasuwa shi ne mayar da na farkon ya zama na biyun.

2.0 Kira da Laƙabi

Kafin a tambayi kuɗin kaya, mai kaya ya riga ya raɗa wa mai saye suna. Namiji mai tsaftar tufafi Alhaji ne ko Yallaɓai, ko da bai taɓa zuwa Makka ba. Mace Hajiya ce, budurwa kuwa Amarya ko Anti, dattijuwa Mama ko Inna, mai ɗauke da littafi Malam. Laƙabin kan ɗara matsayin mutum na haƙiƙa da taki ɗaya, kuma a nan hikimar take. Wanda aka kira "Ranka ya daɗe" a gaban jama'a zai ji nauyin tsayawa jayayya a kan naira ɗari. An ba shi girma kyauta, shi kuma zai so ya nuna ya cancanta.

Laƙabin zumunta kuma aikinsa daban. Idan mai tumatir ya ce da mace "Yaya" ko "Mamana", ya shigar da kansa cikin danginta, ya zama ƙane ko ɗa wanda bai kamata a ƙware shi ba. Gaisuwar da ke biyo baya, ta gida da iyali da gajiya, tana ƙara ɗaure wannan. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma ɗan kasuwa yakan haɗa duka biyun: ya saki fuska, ya jawo benci, ya aika yaro ya sayo ruwa mai sanyi. Wanda ya zauna ya sha ruwa, tashinsa hannu rabbana ya yi wuya.

3.0 Tayi, Albarka da Sallama

Ciniki yana da tsari sananne. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya nemi ragi ko ya taya, mai kaya ya ƙi, a yi ta matsowa har a haɗu, sannan mai kaya ya sallama. Abin lura shi ne yadda aka tace kalmomin kowane mataki domin kada wani ya ji kunya.

Mafi ban sha'awa ita ce kalmar "albarka". Ma'anarta a wannan muhalli ƙin amincewa da tayi, amma siffarta addu'a ce. Mai kaya bai ce "a'a" ba, bai ce tayin ya yi kaɗan ba, bai nuna mai saye matalauci ne ko marowaci ba. Ya ƙi, amma ƙofa a buɗe take. Mai saye yana iya ƙarawa ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Wannan misali ne na sakaya zance wanda ya kamata masu nazarin ma'ana su ƙara ba shi muhimmanci, domin kalma ɗaya ce take ɗauke da ƙi, da ladabi, da gayyatar a ci gaba.

Haka nan "na sallama". Mai kaya yana nuna kamar ya haƙura ne, ya saki abin da yake riƙe da shi. Sau da yawa yakan raka ta da wani dalili da ya shafi mai sayen kansa: "don kai ne", "saboda gobe", "kai ka buɗe mini kasuwa". Kowanne daga cikin waɗannan yana mayar da ragin ya zama alfarma. Wataƙila farashin da aka sallama shi ne wanda mai kaya ya ƙudurta tun farko, amma mai saye zai tafi da jin cewa an yi masa alheri, kuma alheri a al'adar Bahaushe abin ramawa ne. "Saboda gobe" ma ta fito fili ta faɗi abin da ake nufi.

Shi ma mai saye yana da nasa makaman. Yakan kushe kaya, ya ce ya ga irinsa a wani layi da araha, ko ya juya kamar zai tafi. Yakan kuma tambaya, "Gaskiyarsa nawa?" Wannan tambaya ta nuna ɓangarorin biyu sun san kuɗin farko buɗe zance ne kawai, ba wanda ya ɗauke shi ƙarya. Mai kaya kuma ya amsa da "bai kai uwar kuɗi ba", ko ya kawo karin maganar da ta dace da kayansa: mai tsada ya ce araha ba ta ado, ko sayen nagari mayar da kuɗi gida, mai sabon kaya ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Tallace-tallacen rediyo sun ari waɗannan karin magana kusan yadda suke a bakin 'yan kasuwa.

4.0 Gyara, Ɗanɗano da Bashi

Bayan an auna mudu, mai hatsi yakan ɗebo ɗan kaɗan ya ƙara. Mai ƙosai ta jefa ɗaya ko biyu a sama. Wannan shi ne gyara, kuma ya bambanta da ragi. Ragi ana yin sa kafin a biya, da jayayya ake samun sa. Gyara kuwa bayan an gama yake zuwa, lokacin da mai kaya ba shi da sauran tilas, don haka yake kama da kyauta. Shi ne abu na ƙarshe da mai saye zai tuna. Ɗanɗano kishiyarsa ne ta fuskar lokaci: mai tsire ko mai kilishi ya yanko ɗan guntu ya miƙa tun ba a yi magana ba. A zahiri gwaji ne na inganci, a baɗini kuwa ƙaramin bashi ne.

Babban bashin shi ne na gaske. "Tafi da shi, ka kawo daga baya" ita ce jimlar da ta fi kowace ɗaure abokin ciniki, ga mai shagon unguwa da littafinsa, da kuma babban dila da ke bai wa 'yan sari kaya su sayar su kawo kuɗi. Wannan ba sabon abu ba ne. A farkon cinikin gyaɗa a Kano, manyan fatake irin su Alhassan Ɗantata (1877–1955) sun yi amfani da wakilai da kuɗin da ake bayarwa tun kafin kaka domin su riƙe masu kawo musu kaya. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu ya dogara ga maigida, wanda yake saukar da fatake, ya nemo musu masu saye, ya kuma tsaya a kan bashin da aka bai wa mahauta. Jarin maigida sunansa ne. Ranar da bashin da ya tsaya wa ya nutse bai cika ba, fatake za su sauka a wani gidan.

Irin wannan aiki dillali yake yi a kara ko kasuwar hatsi ta Dawanau, yana karɓar la'adarsa. Dillaliya kuwa ta fi shi shiga lungu, domin tana kai kaya har ɗakin matan da ba sa fita. Polly Hill ta jawo hankali ga wannan ciniki na cikin gida a bincikenta na Ɓatagarawa, Enid Schildkrout kuma ta yi nazarin yadda tallan yara yake haɗa matan kulle da kasuwa a Kano a shekarun 1970. A duka waɗannan, abin da ake sayarwa tare da kayan shi ne sanayya. Halayen da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, irin su gaskiya, amana, karamci da kunya, su ne ɗan kasuwa yake nunawa a kansa, su ne kuma yake taɓowa a zuciyar mai saye.

Akwai wata dabara da ta shafi aljihu kai tsaye, wato ƙulli. Mai tebur ya daɗe yana ƙulla sukari, gishiri da man gyaɗa daidai ƙarfin wanda abincin yau kawai yake nema. Manyan kamfanoni daga baya suka bi wannan hanya. Madarar Cowbell, wadda ta shigo kasuwar Nijeriya a 1993, da 'yan ƙananan fakiti ta yi suna. Nasarar irin waɗannan kamfanoni ta bar alama a harshe, har "omo" ya zama sunan kowane garin sabulu, "magi" kuma sunan kowane dunƙulen ɗanɗano.

5.0 Iyakar Dabara

Ba duk abin da ya jawo mai saye ne al'umma ta yarda da shi ba. Hausa tana da kalmomin da ta keɓe wa wanda ya ƙetare iyaka: algus, ha'inci, tauye mudu. Jera manyan tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko dasa wani ya riƙa taya kaya da tsada don a ruɗi mai saye na gaske, ko zaunar da mutanen da ba matafiya ba a mota don a ga kamar ta kusa cika, duk ana yi, duk kuma an san zamba ne. Babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ya hana algus da ɓoye aibin kaya, malamai kuma sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan rantsuwa wajen ciniki. A ganina ma'aunin a bayyane yake: laƙabi da gyara da "don kai ne" wasa ne da kowa ya san ƙa'idarsa, mai saye yana iya ƙin shiga. Algus kuwa sai da jahilcinsa yake yiwuwa.

6.0 Ciniki a Cikin Waya

Yau mace tana ɗakinta tana sayar da turaren wuta, atamfa ko kayan kicin ta WhatsApp da Instagram da TikTok. Ta wata fuskar wannan ci gaban aikin dillaliya ne, sai dai waya ta maye gurbin ƙafa, mai babur kuma ya maye gurbin yarinya mai talla. Tsofaffin kalmomin sun biyo ta: ana kiran mai saye Hajiya, ana sanar da garaɓasa da rangwame gabanin salla, ana saka ɗan kyauta a cikin ƙunshi a madadin gyara. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1000, ya tura har masu ƙananan sana'o'i zuwa karɓar kuɗi ta asusun banki.

Sai dai wani abu ya juya. A kasuwar gargajiya mai kaya ne yake fara yarda da mai saye: ya ba shi ɗanɗano, ya ba shi bashi. A ciniki ta waya kuwa, mai saye ake nema ya fara turo kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, a kan hoton da ba lallai ya yi daidai da kayan ba. Babu maigida, babu dillali, babu sarkin kasuwa da za a kai wa ƙara. Kalmomin amana suna nan, amma mutanen da suke tsaya musu a da ba sa wurin. Shi ya sa masu sayarwa suka ƙirƙiro sababbin shaidu: hoton saƙon godiya daga wanda ya saya, bidiyon kaya ana ɗaure su, ko fitaccen ɗan fim ya riƙe kayan ya yaba. Na ƙarshen ya yi kama da maigidan Sabo ta fuskar aron suna, amma da bambanci babba, domin maigida yakan biya idan ciniki ya lalace, ɗan fim kuwa an riga an biya shi.

Ita ma "albarka" tana ja da baya a wannan fage. Inda aka rubuta farashi a ƙarƙashin hoto aka ƙara da "ba ragi", ko a manyan kantunan zamani inda na'ura ke karanta kuɗin kaya, babu tayi balle a ƙi shi cikin ladabi. Yaron da ya tashi yana saye ta wannan hanya zai san kalmar a addu'a da sa wa yaro albarka, amma ma'anarta ta ciniki sai ya je Kurmi ko Dawanau zai ji ta a bakin masu ita.