Abin da Ke Ɓoye Cikin Ƙwaryar Burukutu

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, ko Kafanchan, ya san burukutu ba baƙo ba ne a ranar kasuwa da wajen biki. Kowa ya san illar buguwa. Wannan maƙala za ta duba wata illa daban wadda ido ba ya gani, wato sinadaran da masana ke kira amain.

Yadda suke samuwa

Idan za a yi burukutu, akan jiƙa dawa ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a bar ta ta yi tsami. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke kawo wannan tsami. Wasu daga cikinsu sukan juya sinadaran gina jiki da ke cikin hatsin su koma histamin da tiramin. Tukunyar da ba a wanke sosai ba, da zafin gari, da barin giya ta kwana biyu, duk suna ba ƙwayoyin damar yawaita. Abin lura shi ne, tafasa tana kashe ƙwayoyin, amma ba ta rusa amain ɗin da suka riga suka samar.

Yadda ake aunawa

A ɗakin gwaji akan tace giyar, a haɗa ta da wani sinadari da ke sa amain su bayyana a ƙarƙashin haske. Daga nan sai a tura ta cikin na'urar HPLC, wadda ke ware kowane iri daban, ta nuna miligiram nawa ke cikin lita guda.

Illarsu

Histamin yakan jawo ciwon kai, da ƙaiƙayi, da bugun zuciya, tiramin kuwa yakan ɗaga jini. A shekarar 2011, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa ba a ga illa ba ga mai lafiya da ya ci miligiram 50 na histamin a zama ɗaya. Sai dai barasa kanta tana hana jiki rusa shi da wuri. Haka ma isoniyazid, maganin tarin fuka. Don haka abin da wani ya sha ya tashi lafiya yana iya kwantar da mai shan wannan magani.

Kammalawa

Mai dafa burukutu ba ta da na'ura, amma tana da ruwa da soso. Ta wanke tukwane, ta daina gauraya tsohuwar giya da sabuwa don sayarwa. Mai shan magani kuma ya tambayi likita.

Mu ɗaliban harshe namu aikin yana nan. Hausa ce ke haɗa Ham da Bajju da Atyap a kasuwa, amma wannan ilimi a Turanci yake. Idan muka mayar da shi Hausar da mai tukunya za ta gane, mun yi rigakafin da ya fi magani.