Kafin ka buga fom ɗin rajistar kwasa-kwasai

Na daɗe ina riƙe da aikin kodinetan aji ɗaya a sashenmu, wato ni nake sa hannu a fom ɗin rajistar sababbin ɗalibai. Kowace takarda aka miƙo mini, idona yakan fara sauka ne a ƙasanta, wurin jimillar yunit.

Bara wani yaro ya shigo ofishina da fom ɗinsa, har da ɗumin firinta bai huce ba. Yunit 24 cif. Na ce masa, "Ɗana, wa ya zaɓa maka waɗannan?" Ya ce, "Malam, mai shagon kwamfuta ne ya danna duk wanda ya fito, ya ce gara in kwashe yanzu in huta daga baya." Na tambaye shi inda yake kwana. A gida, kuma mota biyu yake hawa kafin ya iso. Da yamma yana tsaron shagon yayansa har bayan isha'i.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce kada ɗalibi ya yi rajistar ƙasa da yunit 15 a zango ɗaya, kada kuma ya wuce 24. Wannan 24 ɗin iyaka ce aka shata, ba a ce sai ka kai can ba. Abin da sababbin ɗalibai ba su sani ba shi ne, yunit ba nauyinsu ɗaya ba. Yunit ɗaya na lacca awa ɗaya ne a mako. Yunit ɗaya na firaktikal kuwa awa uku ne a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibin kimiyya da yake da CHM 107 da PHY 107 da BIO 107 zai ga yunit uku kacal a takarda, amma awa tara suke ci a makonsa, ban da rubuta rahoton kowane gwaji da daddare. Ga shi kuma a jami'o'i da yawa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bar ka ka zauna jarrabawa.

Na jawo takarda muka yi lissafi da yaron. A ma'aunin maki biyar, A tana da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifiri. Idan ka ɗauki yunit 21 ka ci B a duka, makinka 84, a raba da 21, GPA ɗinka 4.00. To, ƙara kwas ɗaya mai yunit uku wanda ba dole ba ne, ka rasa lokacin karanta shi, ka faɗi. Makin yana nan 84, amma yanzu da 24 za a raba: 3.50, daidai bakin gaɓar digiri mai daraja ta biyu ta sama. Idan wahalar wannan kwas ɗin ta ja wani mai yunit biyu daga B zuwa C, ka koma 3.42, ka zame ƙasa. Sannan ga kariyoba tana jiranka baɗi, za ta ci gurbi a cikin yunit ɗin aji biyu, wataƙila ma lokacin laccarta ya ci karo da na wani kwas. Abin yana yi mini ciwo, domin nakan ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa suna shafe shekara uku suna jan CGPA da suka zubar a wata huɗun farko.

Zangon farko ma ba na karatu kaɗai ba ne. Kana koyon inda ɗakunan lacca suke, kana koyon rubuta bayani a zauren da ɗaruruwan mutane suka cika, malami yana magana da Turanci ba ya tsayawa ya maimaita. Wanda ya saba a sakandare ana fassara masa da Hausa yana buƙatar makonni kafin kunnensa ya saba. Wannan lokacin ba a rubuta shi a fom, amma daga makonka yake fita.

Kada kuma a ji wannan a tafi a rage kwas na dole. Tun da NUC ta ƙaddamar da manhajar CCMAS a Disamba 2022, kashi 70 na kwasa-kwasan daga hukumar suke, 30 jami'a ke tsarawa, kuma yawancin na aji ɗaya wajibi ne. GST 111 na Turanci, da ake rainawa, sai ka ci shi kafin ka kammala digiri. Inda kake da zaɓi shi ne a kwasa-kwasan ganin dama, kuma a nan ne nake roƙon a buɗe littafin jagoran sashe, a zo wurin kodineta kafin a buga fom. Iyaye ma ina roƙonku, idan yarinya tana da aure da goyo, ko yaro yana sana'a, ku bar su su faɗa mana gaskiyar yadda ranarsu take.

Yaron nan mun zana makonsa a takarda, daga Litinin zuwa Juma'a, har da awannin mota da na shago. Da ya ga babu inda kwas ɗin ganin daman zai zauna, da kansa ya soke shi. Wa'adin ƙarawa da cire kwas bai rufe ba, sai ya koma ya gyara, ya dawo da fom mai yunit 21, na sa hannu.