Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Likita Ke Zama Mai Bincike?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga Illela, kan iyaka da Birnin Ƙonni, inda wani mai sauraro da ƙanensa ke karatun likitanci a Sakkwato yake son sanin hanyar da yaron zai bi ya zama mai binciken cututtuka.

To, Malam, hanyar tana da tsawo. Bayan shekara 6 a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai shekarar sanin makamar aiki, sai hidimar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a asibitin koyarwa. A nan binciken ke farawa gadan-gadan, domin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana buƙatar kundin bincike kafin ta ba da shaidarta.

Sai dai takarda kaɗai ba ta wadatar. Sai da ubangida a fagen ilimi. Shi ne zai zauna da matashi su tsara tambaya, ya bi rubutunsa da jan biro layi-layi, ya nuna masa yadda ake neman tallafin TETFund. Alal misali, a Kano, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano sun yi aiki da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

Abin bincike kuwa yana nan a gida. Asibitin cutar noma, mai cinye fuskar yara, yana Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su.

Ƙanen naka ya nemi malamin da zai riƙe hannunsa tun yana aji huɗu.